Makiyayin Ɓeraye da Keji na Bakwai

Idan aka tambaye shi aikin da yake yi, ba ya wani kwana-kwana, sai ya ce kiwo yake yi. Idan mai tambayar ya matsa, shanu ne ko awaki, sai ya gyara zama ya ce ɓeraye. Daga nan sunan Makiyayi ya bi shi, tun daga ƙofar cibiyar binciken da yake aiki har layin gidansu, har ta kai jikokinsa ma ba su san yana da wani sunan ba.

Asali da kaji ya tashi. Mahaifinsa dillalin kaji ne, kuma tun yana ɗan shekara bakwai yakan tsaya bakin akurki ya nuna kazar da ba za ta kai jibi ba, alhali tana ta tonon ƙasa kamar sauran. In an ce ta yaya ya gane, sai ya ce tsayuwarta ce ba ta yi masa ba. Karatunsa ya tsaya a aji uku na sakandare. Ya yi shekara goma sha shida a wata babbar gonar kaji, har ranar da cuta ta shigo ta share kaji dubu tara cikin mako biyu, mai gonar ya sa kwaɗo ya sallami kowa. Lokacin yana da 'ya'ya huɗu, matarsa kuma tana da cikin Auta. Bai tsaya zaɓen aiki ba. Da aka ce ana neman mai shara da goge-goge a cibiyar binciken cututtukan jini, washegari ya je ya karɓi tsintsiya da bokiti.

Wata uku da fara aikin, yana goge dogon barandar da ke gaban ɗakin dabbobi, ya leƙa ta gilashin ƙofa, sai ya tsaya cak. Ya je ya samu shugaban ɗakin ya ce masa, ya yi haƙuri da shisshigi, amma kejin nan na uku daga sama, ɓerayen cikinsa ƙishirwa suke ji. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ai ga kwalbar ruwansu nan cike. Makiyayi ya ce shi ya sa, tun shekaranjiya take cike. Aka duba, ashe bakin kwalbar ya toshe. Kafin watan ya ƙare an karɓi tsintsiya daga hannunsa an ba shi farar riga da safar hannu, aka sa shi horo na wata shida.

Ɗakin yana can ƙarshen benen ƙasa, ba taga ko ɗaya. Fitila da kanta take kunnuwa ƙarfe bakwai na safe, ta mutu bakwai na yamma. Kafin mutum ya shiga sai ya sa riga da hula da takunkumi, ya ɗaura leda a takalmi. A ciki akwai kantoci na ƙarfe har rufi, keji ɗari biyu da sittin a jere, kowanne bai fi kwalin takalmi ba, da garin katako a ƙasa, da 'yar audugar da ake sa musu su yi sheƙa. Makiyayi ya san su duka. Ya san kejin da ake faɗa, ya san uwar da ke watsi da 'ya'yanta, ya san wanda zai kai masa cizo in ya ɗaga shi ta gefen hagu.

A gida kuwa labarin daban ne. Matarsa, Maman Auta, tela ce, kuma duk duniya ba abin da ta tsana kamar ɓera, tun ranar da wani ya ɓarnata mata yadin amarya kwana biyu kafin a zo karɓa. Kyanwa biyu gare ta da tarko uku. Ta kafa masa doka cewa in ya dawo ba zai taɓa ƙofar ɗaki ba sai ya yi wanka ya canja kaya, duk da ya rantse mata cewa ɓerayensa sun fi mutanen layin tsafta. Takan ce wa ƙawayenta ita tana kashewa a gida, shi yana can yana yi musu shimfiɗa, ko da yaushe aikin ɗayansu yana warware na ɗayan.

Shekararsa goma sha ɗaya a ɗakin lokacin da wata sabuwar mai bincike, wadda kowa ke kira Dakta, ta zo. Siririya ce, mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ke manta kofin shayinta duk inda ta tsaya. Sauran masu bincike takarda suke aiko masa, a yi kaza ranar kaza, su jira sakamako a sama. Ita kuwa da ƙafarta ta sauko, ta gaishe shi da Baba, ta ce ba za ta ba shi ɓera ko ɗaya ya riƙe mata ba sai ya san abin da ake nema. Ta kifa bokiti ta zauna, ta jawo buhun abincin ɓeraye da ya ƙare, ta fara zane a bayansa.

Ta ce a cikin ɓargo ake ƙera jini, kuma kowace ƙwayar jini sai ta samu umarni take rabuwa biyu. Umarnin wata 'yar alama ce da ake kira fosfet, wadda wasu furotin da ke cikin ƙwayar suke manna wa 'yan'uwansu. Da an manna, aiki ya tashi. Akwai kuma wasu furotin ɗin, su ake kira fosfatas, su kuma aikinsu su bi baya su cire alamar idan buƙata ta biya. A irin sankarar jinin da take bincike a kai, wani abu ne ke zuwa ya rungume mai cirewar ya hana shi motsi. Sai alamar ta zauna daram, ƙwaya ta yi ta haihuwa ba tsayawa, har fararen ƙwayoyi marasa amfani su cika ɓargo su kori masu kyau. Ita maganin da zai ɓamɓare wannan rungumar take nema.

Makiyayi ya dubi buhun, ya ce, "Wato ba mai kunnawar kaɗai ne ya haukace ba. Mai kashewar ma an ɗaure shi."

Saura kaɗan Dakta ta faɗo daga kan bokitin. Ta ce awa guda ta yi jiya tana yi wa masu digiri bayani ba su kawo wannan ba. Amma ta ja masa kunne kada ya ɗauka duk masu cirewar mutanen kirki ne. Akwai wani ɗan'uwansu wanda shi kuma in ya cika zaƙewa, alamar da ke hana ƙwaya gudu yake cirewa, sai ya zama shi ne ma ke hura wutar cutar. Makiyayi ya ce wannan bai ba shi mamaki ba, duk dangi akwai irinsa, a nasu dangin ma zai iya faɗa mata sunansa.

A ranar ya tafi gida da buhun a naɗe cikin jakarsa. Maman Auta ta hana shi shiga da shi ɗaki, sai ya manna shi a bangon zaure.

Shekara biyu suka yi suna shan ƙasa. A gwaji na farko maganin ya ƙi narkewa yadda ya kamata, ya yi wa ɓerayen ƙulli a inda aka yi allura, dole aka tsayar. A na biyu aka rage ƙarfinsa, sai ya zama kamar ruwa ake ba su. Cikin mako biyar duka ɓeraye arba'in ɗin da aka sa a gwajin suka tafi. Kuma Makiyayi ne ke kwantar da duk wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, don dokar ɗakin ba ta yarda a bar dabba tana wahala ba. Wannan ne ɓangaren aikin da bai taɓa sabawa da shi ba. Kafin ya sa kowanne a akwatin barcin da ba a tashi yakan riƙe shi a tafin hannu na ɗan lokaci, ya ce masa ya yafe. Ranar da na arba'in ya tafi, ya shiga sito ya tarar da Dakta a tsakanin buhuna tana share ido. Ya yi kamar bai gan ta ba, ya ɗauki abin da ya kawo shi, ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ta baya, ya ce a gonar kaji ma sai da suka canja allurar rigakafi sau huɗu kafin su dace.

Gwaji na uku da sabon tsari ya zo. Keji ashirin, ɓeraye bibbiyu, dukkansu an sa musu ƙwayoyin cutar rana ɗaya. Keji goma za su samu sabon haɗin maganin, goma ruwan gishiri zalla. Amma ba wanda zai san wane ne wane, daga Dakta har Makiyayi. Mai haɗa magani na bene na biyu shi zai riƙa cika sirinji yana rubuta lambar keji a jiki, takardar sirrin kuma tana kulle a durowar Farfesa, shugaban cibiyar, sai rana ta talatin da biyar za a buɗe. Dakta ta ce an yi haka ne don ido yana ganin abin da zuciya ke so, ita kuma zuciyarta ta daɗe tana son abu ɗaya.

Mako biyu na farko ba abin da ya bambanta. Sikeli ya ce nauyinsu ɗaya, abinci suna ci daidai. Rana ta goma sha biyar, da safe, Makiyayi ya jawo kantar zai canja garin katako, sai hannunsa ya tsaya a kan keji na huɗu. Audugar da ya sa musu jiya sun yage ta kaca-kaca sun gina sheƙa doguwa mai rufi, da 'yar ƙofa a gefe. Ya jawo na biyar. Su kuma sun ɗan ja audugar kusurwa kawai sun kwanta a kai, kamar wanda ya dawo aiki a gajiye ya faɗa kan katifa ba zani. Ya bi kejin ɗaya bayan ɗaya. Wasu gini, wasu shimfiɗa. Ya sake bi daga ƙarshe zuwa farko don kada a ce idonsa ne. Ya cire safar hannu, ya manta da ledar takalmi, ya haura bene da gudu yana ɗan shekara hamsin da bakwai.

Dakta na gaban madubin duba jini. Tana ganin fuskarsa ta miƙe, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

"Baba, don Allah kada ka faɗa mini. In ka faɗa, gwajin ya lalace."

"Dakta, kalma ɗaya ce."

"Ko rabin kalma. Ni zan ƙirga ƙwayoyin nan, in na san abin da ka gani hannuna zai karkata."

Ya tsaya yana haki, bakinsa cike da magana ba inda zai zuba. Ita kuwa ta kawar da kai, don fuskar tasa ta riga ta faɗi rabin zancen. A ƙarshe ta ce ya je ya ci gaba da kallo har kwana biyar, ya rubuta abin da yake zato a kan kowane keji, ya sa kwanan wata, ya rufe a ambulan, ya ba wanda ba ya aiki a cibiyar ya ajiye. Kuma kada ya ƙara hawowa sama da wannan fuskar.

Kwana ashirin ɗin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwar Makiyayi. Ya fara isa aiki kafin mai gadi ya gama shan shayi, ya tsaya a ƙofa yana jiran fitila ta kunnu. Ya samo ƙaramin littafi ya ƙirƙiro wa sheƙa maki, daga ɗaya, wato ba a taɓa audugar ba, zuwa biyar, wato gini mai rufi. Ya ƙara da yadda gashin bayansu ke kwanciya, da ko suna tasowa su shinshina yatsansa in ya buɗe murfi. In sun haɗu da Dakta a baranda, sai kowa ya kalli bango su wuce kamar masu gaba, har ma'aikata suka fara raɗe-raɗin ko sun yi faɗa ne.

Maganar da ya kasa yi a wurin aiki, a gida ya zo ya juye ta. Ran wata Asabar da la'asar Maman Auta na kan keke tana ɗinki, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa yana ta zuba, ita tana cewa uhm ba tare da ta ɗago ba. Don ya nuna mata girman abin, ya fara lissafa mata yadda cutar take kama mutum kamar yadda Dakta ta gaya masa: gajiya ba dalili, zazzaɓin da ba ya jin magani, dasashi na zubar da jini, tabo baƙi-baƙi a jiki ba tare da an bugu ba. Sai ya ji keken ya tsaya.

Ta ce ya maimaita na ƙarshen. Ya maimaita. Sai ta ce haka Yaya ta yi. Makiyayi ya san tana da yayar da ta rasu tun kafin su haɗu, tana 'yar shekara goma sha tara, amma a gidansu ba a taɓa cewa komai ba sai dai ta yi jinya wata uku. Yanzu Maman Auta ta ba shi labarin yadda take wanke mata baki da safe ruwan ya fito ja, da yadda mahaifiyarsu ta yi ta tambayar wa ke dukanta saboda tabon da ke cinyoyinta, da yadda aka yi ta zargin wata maƙwabciya har aka daina gaisawa. Shekara talatin da takwas ba wanda ya taɓa gaya mata abin yana da suna.

Makiyayi ya ce shi ba likita ba ne, ba zai rantse cewa ita ce ba. Ta ce ta sani. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta miƙo hannu ta ce ina takardar da aka ce a ba wani ya ajiye. Ta sa ambulan ɗin a durowar keken ɗinkinta, ƙarƙashin zarurruka, ta murɗa makulli. Tun daga ranar, da ya shigo gida, kafin ma ya yi wankan dokar, sai ta tambaye shi yaya masu ginin suka kwana.

Rana ta talatin da biyar ta faɗo ran Laraba. Makiyayi ya sa rigarsa mafi kyau, ya fita tun da sassafe, ya yi aikinsa, ƙarfe goma ya haura ɗakin taro. Farfesa na zaune da takardar sirri a gabansa, Dakta da nata lissafin na jini da nauyin saifa, mai haɗa magani da wasu mutum shida sun zo kallo. Dakta ta ce kafin a buɗe komai, Baba yana da ambulan. Makiyayi ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ba komai. Ambulan na can cikin durowar keke.

Yana cikin neman bakin da zai yi bayani sai wayar ɗakin ta yi ƙara. Mai gadi ne, ya ce ga wata baiwar Allah a ƙofa ta ƙi ba shi saƙo, ta ce hannu da hannu za ta bayar. Haka Maman Auta ta shigo cibiyar karo na farko cikin shekara goma sha uku, da mayafinta na zuwa biki, tana riƙe da ambulan kamar takardar gado. Ta gaida Farfesa, ta dubi mijinta ta ce da kansa ba a manne yake ba da shi ma ya bar shi a gida. Dakta ta jawo mata kujera ta ce Mama ba inda za ta, ita ce shaida.

Farfesa ya duba bakin ambulan ya ga ba a taɓa ba, ya yage, ya karanta kwanan wata da ƙarfi. Aka shirya cewa shi zai kira lamba ya faɗi gaskiyar abin da aka ba kejin, mai haɗa magani kuma ya karanta abin da Makiyayi ya rubuta. Keji na ɗaya, ruwan gishiri. Takardar Makiyayi ta ce babu magani. Na biyu, magani. Takarda ta ce magani. Na uku, na huɗu, na biyar, na shida, duk haka. Wani daga cikin masu kallo ya fara ƙirgawa da yatsu. Makiyayi ya riƙe gefen tebur.

Keji na bakwai, Farfesa ya ce magani. Mai haɗa magani ya ce takarda ta ce babu.

Makiyayi ya sunkuyar da kai. Ya san na bakwai sarai, sun yi gini kwana biyu suka daina, kuma da hannunsa ya kwantar da su a rana ta talatin. Amma Farfesa bai tsaya ba, ya ci gaba, takwas, tara, goma, har ashirin, ba a ƙara samun saɓani ko ɗaya ba. Goma sha tara cikin ashirin, kuma an rubuta tun rana ta ashirin, lokacin da gwajin jini bai fara nuna komai ba. Sannan Dakta ta ɗora nata lissafin a kai. A keji goma na ruwan gishiri ba ɓeran da ya kai ranar. A keji tara na magani duk suna nan da rai, saifarsu ba ta kumbura ba, fararen ƙwayoyinsu sun sauka kusa da na lafiyayye.

Ɗakin ya kaure. Mai haɗa magani ya rungume Makiyayi har ya ɗaga shi daga ƙasa. Farfesa, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya cire tabarau yana dariya yana buga tebur. Dakta ta durƙusa gaban Maman Auta ta riƙe hannayenta, su biyun suna kuka suna dariya, ba wadda ta san abin da take cewa.

Da hayaniya ta lafa, Makiyayi ya matsa kusa da Dakta ya ce ta yi haƙuri da na bakwai, idonsa ne ya gaza. Ta juyo ta dube shi kamar ya yi saɓo.

"Baba, idonka bai gaza ba. Ka ce ba su da lafiya, kuma ba su da ita. Maganin ne ya gaza a kansu, kuma wannan kejin ya fi sauran goma sha tara daraja a wurina. In cutar ta san hanyar zille wa maganin a ɓera, za ta san ta a mutum. Gara mu gano hanyar tun yanzu."

Ta tambaye shi ko ya adana ɓargonsu. Ya ce yana firiza, layi na biyu, ya rubuta lamba da jan biro. Ba ta jira an rufe taro ba, ta fita da gudu ta bar shayinta a kan takardar Farfesa.

Kafin Maman Auta ta tafi, ya kai ta ƙofar ɗakin dabbobi. Ba a yarda baƙo ya shiga ba, sai ya jawo keji na huɗu ya ɗaga mata ta gilashi. Ta ja da baya taku ɗaya, sannan ta matso. Wani farin ɓera ya leƙo daga ƙofar sheƙarsa yana motsa hanci. Ta daɗe tana kallo, ta ce gaskiya ginin ya yi kyau, ko ita ba za ta iya haɗa rufin nan ba tare da allura ba. Ta ƙara da cewa wannan bai shafi na gidanta ba, tarkonta na nan inda yake.

Wata bakwai Dakta ta yi a kan ɓargon keji na bakwai. Abin da ta gano shi ne, a cikin waɗannan ƙwayoyin maganin ya yi aikinsa, ya saki mai cirewar da aka ɗaure, amma ɗan'uwan nan nasa mai zaƙewa ya ƙara ƙarfi ya buɗe wa cutar wata ƙofar. Ta sauko da kanta ta gaya wa Makiyayi, ya ce dama tun ranar farko bai yarda da wannan ɗan'uwan ba. Daga nan aka fara shirin gwaji na huɗu, da magani biyu a haɗe.

Da aka buga sakamakon a mujallar masana, sunansa na cikin jerin marubuta, na huɗu cikin bakwai. Dakta ta kawo masa kwafi, ya kai gida, Auta ta karanta masa sunan sau uku duk da shi ma yana gani. A layinsu labari ya bazu cewa Makiyayi ya gano maganin sankara, har wani mutum ya zo da ƙanensa mara lafiya ya yi sallama. Makiyayi ya shigar da su zaure, ya ba su ruwa, ya gaya musu gaskiya: abin da aka samu a ɓera aka same shi, tsakaninsa da mutum akwai shekaru, kuma zai iya yiwuwa bai kai ba. Washegari ya nemi izinin awa biyu a wurin aiki, ya raka su asibitin jini da kansa, ya tsaya har aka ba su kati.

Littafin makinsa kuwa cibiyar ta mayar da shi takardar da ake cikewa kullum a ɗakin dabbobi. Abin da ya fi faranta masa rai a ciki shi ne, yanzu ana gane ɓeran da ciwo ya fara ci tun kwanaki kafin ya galabaita, ba sai ya kai ga wahala ba. Da shekara ta zagayo, wata cibiya a wani gari ta aiko tana neman a turo mata wanda ya ƙirƙiro tsarin ya koya wa ma'aikatanta. Farfesa ya ce ai ga shi nan, sai dai a saya masa tikiti.

Ya tsaya gaban mutum talatin da wani abu, da makirufo a hannu. Jawabin da Dakta ta taya shi shiryawa ya gudu daga kansa tun a layi na biyu. Sai ya ajiye takardar, ya fito da auduga daga aljihu, ya fara yagarta yana nuna musu yadda lafiyayyen ɓera ke yi da yadda mara lafiya ke yi, har da yadda yake ɗaga kai in an buɗe murfi. Aka yi dariya, aka kuma yi rubutu. A ƙarshe wani dattijon farfesa mai furfura ya ɗaga hannu ya tambaya, cikin kwana nawa mutum zai iya koyon wannan idon. Makiyayi ya ce shi dai bai ƙirga ba, amma duk mai so ya same shi gobe a ƙofar ɗakin dabbobinsu, bakwai saura kwata, kafin fitila ta kunnu.

Ya yi zaton mutum biyu za su zo. Da ya iso ya tarar da goma sha ɗaya, har da dattijon, an sa masa hula da takunkumi sun yi masa yawa. Makiyayi ya ce kowa ya kashe waya, ya ajiye biro, kada wanda ya taɓa keji tukuna. Fitila ta kunnu. Ya durƙusa gaban kanta ta ƙasa, su ma suka durƙusa a bayansa, ya nuna keji na farko da haɓa ya tambayi dattijon me ya gani.